'Yarki ta iya lissafi amma tana tsoron jini?

Duk lokacin da cike fom ɗin JAMB ya zo, a gidajenmu na Kankia da Kusada zancen ɗaya ne: yarinyar da ta yi ajin kimiyya, ko likita ko nas, in ba a samu ba a kai ta makarantar koyon aikin lafiya ta Kankia. Ni nas ce, kuma ina son aikina. Amma akwai yarinyar da ganin jini ke sa ta jiri, ga ta da kan lissafi. Ita nake yi wa roƙo a wurinki yau.

Kin san sikila, wataƙila ma kin kwana asibiti da mai ita. Bayanan gadon da ke jikin kowane mutum, wato DNA, rubuce suke da haruffa huɗu kacal, A, C, G da T, a jere har kusan biliyan 3. A sikila harafi ɗaya ne ya sauya, A ta koma T, shi ke nan ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje. Duk ciwon ƙashin nan da ƙarin jinin nan, daga harafi ɗaya! Ido ba ya iya tace haruffa biliyan 3, sai kwamfuta. Masu wannan aikin su ne 'yan bayoinfomatiks: sun san ilimin halittu, sun san lissafi, sun iya ba kwamfuta umarni.

A nan gida ma ana yi. A watan Maris na 2020, cibiyar Farfesa Christian Happi da ke Jami'ar Redeemer's a Ede, jihar Osun, ita ta fara karanta haruffan ƙwayar korona a duk Afirka. A ƙarshen 2023 kuma Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin sikila mai gyara ƙwayoyin gado. Kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, amma yawancin bayanan gadon da aka yi bincike a kansu na Turawa ne. Namu wa zai karanta?

Hanyar dai doguwa ce, ba zan ɓoye miki ba. Za ta fara digiri a fannin halittu, lissafi ko kwamfuta, ko a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ke kusa da mu, ko a ta Umaru Musa Yar'adua a Katsina. Sai digiri na biyu, sai na uku, ana maganar shekara goma ko fiye. Ga yajin aiki, na 2022 wata takwas ya ci. Albashin malamin jami'a kuma ba na gina bene ba ne.

Sauƙin shi ne ba sai an gina mata ɗakin gwaji ba. Manhajojin Python da R kyauta ne, rumbunan bayanan gado da yawa a buɗe suke a intanet. Kwamfutar cinya, data da wurin caji, ta fara koyo tun kafin ta shiga jami'a.

Maganar aure kuwa, kada ki bari sai an kawo lefe. Tun ranar da magabatan manemi suka zo gaisuwa, ki sa mahaifinta ya faɗa musu shekarun karatun da suka rage mata, a ji amsarsu a gaban shaidu.