Gida Ɗaya, Ƙararraki Uku

Rigimar gida ba ta zuwa kotu ita kaɗai. Mai gida ya rasu, magada sun tafi kotun shari'ar Musulunci a raba musu gado. Ana cikin haka wani ya fito da takardar ciniki, wai marigayi ya sayar masa tun yana raye. Banki kuma yana riƙe da takardar mallakar gidan a matsayin jingina. Da hukunci ya fita, kowa sai ya ɗaukaka ƙara ta ƙofarsa.

Ƙofofin kuwa ba ɗaya ba ne. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amura irin su aure, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Jayayya kan wanda ya mallaki gida ta hanyar ciniki Babbar Kotun Jiha ake kai ta. Fayilolin ba sa haɗuwa ƙarƙashin rufi ɗaya sai a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, a Kaduna ko Sakkwato ko Jos.

A nan ne nake ganin sakaci. Doka ta ba kotu damar haɗa ƙararrakin da suka taso daga abu ɗaya, alƙalai uku su saurare su a zama guda. Amma yawanci sai wani lauya ya nema. Wanda ke zaune cikin gidan yana karɓar haya fa, me zai sa shi gaggawa? Kowace ɗage zama riba ce gare shi. Matar marigayi ce ke biyan kuɗin mota da na lauya sau uku kan magana ɗaya, ta kuma zauna da fargabar alƙalan yau su ce a raba, na wata mai zuwa su ce ai gidan ba ya cikin gado.

Masu adawa da haɗewa suna da hujja: ƙaramin mai ƙara na iya nutsewa cikin hayaniyar manya. Sai dai kotunanmu sun daɗe da tsayar da cewa haɗewa ba ta shafe kowace ƙara; kowacce da nata hukuncin, sauraro kawai ake tarawa.

Kada a raina jinkiri. Akwai shari'ar fili a Legas da aka shigar a 1960, ta kai Kotun Ƙoli, a 1983 aka ce a koma a sake ta daga farko.

Shawarata, aikin ya faro daga ofishin rajista. Duk mai shigar da ɗaukaka ƙara kan gida ko fili, a tilasta masa ya rubuta lambar fuloti, unguwa, da duk wata shari'ar da ya san ana yi a kansa. Magatakarda ya tara fayilolin ya kai gaban zaman alƙalai guda, wanda ya ɓoye wata ƙara kuma a ɗora masa kuɗin ɗawainiyar abokin shari'arsa.