Rariya ba gonar magajin gari ba ce

A unguwar da nake zaune akwai wata rariya da ta tashi daga bakin kwalta ta ɓulle bayan makaranta. Lokacin da na tare, amalanke biyu kan gitta a cikinta ba tare da jakunan sun gogi juna ba. Da fari wani mai shayi ne ya kafa teburi a bakinta, ba wanda ya ce uffan, domin da asuba yake zuwa, da hantsi ya kwashe. Sannu a hankali teburi ya zama rumfar zana, rumfa ta samu rufin kwano, daga bisani aka zuba siminti. Yau shaguna uku ne jere. Da damanar bara ruwa ya rasa mabiyarsa, ya koma gindin katangar wata tsohuwa har ya kayar da ita. Ranar da aka yi mana rasuwa kuwa, sai da masu ɗaukar makara suka karkata kafin su fita. Da muka je yin magana, mai shago ya zaro takarda mai hatimi, ya ce ai ya biya.

Wannan takardar ce abin faɗana, ba mutumin da ya nuna ta ba.

Duk wanda ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, daga Gidan Rumji ya ratsa ta Agye zuwa Gazawa, ya san yadda sana'a ke tsirowa a bakin hanya: mai faci, mai walda, mai cajin salula, mai injin niƙa. Ba laifi ba ne. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da miliyan 3 da dubu 400 a jahar Maraɗi, gonaki sun tsuke, kuma saurayin da ya rasa gona dole ya nemi inda zai kafa teburi. A ɗaya gefen, tun zaɓen ƙananan hukumomi na watan Yuli 2004 aka ɗora wa kwaminoni nauyin neman kuɗin shigarsu. Matashi na neman wuri, ma'aikatar magajin gari na neman kuɗi, sai ciniki ya faɗa a kan abin da ba na ɗayansu ba.

Mu malaman harshe muna da namu kason laifi. Abin da doka ta kira domaine public da Faransanci, mun bari ana fassara shi da "kayan gwamnati". Kayan gwamnati kuwa, a kunnen Bahaushe, na mai riƙe da hatimi ne, ya ba wanda ya ga dama. Alhali ma'anarsa dukiyar al'umma ce da aka ba hukuma amana. Ƙa'idar a fili take: ba a sayar da ita, daɗewar zama a kanta ba ta mai da ita mallaka, kuma iyakar abin da hukuma za ta iya bayarwa shi ne izinin zama na wucin gadi, wanda ake iya janyewa kowane lokaci. To, ina wucin gadi ga ginin siminti?

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san burtali, sun san cewa wanda ya nome shi ya shuka faɗa. Dokar karkara ta 2 ga watan Maris 1993 ta zo ta tabbatar da abin da suka sani, har aka kafa kwamitocin kula da filaye. Malaman fiƙihu ma sun karantar da mu cewa in an yi jayayya kan faɗin hanya, kamu bakwai ake bar mata. Me ya sa muke tsare hanyar shanu a daji, mu bar ta mutane a gari ana yankanta kamar ƙosai?

Za a ce mini talaka ne, a bar shi ya ci abinci. Na ji. Amma tsohuwar da katangarta ta faɗi, attajira ce? Mai naƙudar da mota ba ta iya isowa ƙofar gidanta fa? Kuma shi kansa mai shagon, wane alheri aka yi masa? A tuna da Yamai a 2016, sa'ad da katafila ta bi bakin tituna tana rusa rumfuna da shaguna, ana share gari kafin taron Tarayyar Afirka na watan Yuli 2019. Masu su sun yi ta nuna takardun biyan haraji, amma katafila ba ta iya karatu ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya karɓi kuɗin yaro, ya bar shi ya zuba jarinsa a kan hanya, ya san sarai cewa wani mai mulkin zai zo ya rusa. Ƙarshenta an cuci maƙwabci, an cuci ɗan haya.

Ba katafila nake kira ba. Abin da nake nema kaɗan ne. A auna kowace rariya, a kafa alama, a bar faɗin da makara da amalanke da motar ƴan kwana-kwana za su wuce. Inda akwai rara, a ba da izini rubutacce cikin Hausa da Faransanci, mai wa'adi, a faɗa wa mai karɓa cewa ba gini, sai abin da ake iya kwashewa. Kada a buga hatimi sai mai unguwa da maƙwabta sun ji. A liƙa sunayen masu izini da abin da suka biya a bangon ma'aikata, kuɗin kuma a gina rumfuna da su a kasuwa da tasha, inda ɗan teburi zai koma ya yi gini da kwanciyar hankali.

Tun watan Afirilu 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, ba sauran ɗan majalisar unguwa da za a tare a ƙofar masallaci a tambaya. Saboda haka nauyin ya dawo kan ƙungiyoyinmu da azuzuwanmu. Malam, ka fita da ɗalibanka da igiyar awo, su auna rariyar makarantarku, su rubuta faɗinta da ranar da aka auna, ku kai wa kantoma kofi, ku ajiye ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu a unguwarmu mun yi shiru lokacin da yake teburi, ga shi yanzu da siminti muke magana.