Ci-ranin Kwamfuta da Bizar Dogon Zama: Ina Rabon Matashin Dutse?

Ci-rani tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Da zarar an gama girbi an kai amfanin gona rumbu, sai magidanta da samari daga ƙauyukan Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu su ɗaura ɗamara su nufi Kano ko Legas ko Fatakwal, wasu su yi ga-ruwa, wasu dako, wasu gadi ko acaɓa, har zuwa faɗuwar ruwan shuka. Tushen wannan al'ada guda ne, wato aiki yana can wani gari, saboda haka dole mai nema ya kai jikinsa inda yake. A 'yan shekarun nan kuwa an sami wani sabon nau'in ɗan ci-rani wanda ya juya wannan ƙa'ida. Shi aikinsa yana cikin kwamfutar da ke jakarsa, masu biyansa suna wata ƙasa, shi kuma yana zaune duk inda ransa ya so, muddin akwai wutar lantarki da intanet. Mai tsara manhaja ne ko mai zane, mai fassara ne ko akanta, duk ɗaya ne, ta waya ake ba shi aiki, ta banki ake biyansa.

Saboda irin waɗannan mutane ne ƙasashe da dama suka ƙirƙiro wata biza ta musamman. A da, baƙo bizar yawon buɗe ido yake samu, wadda ba ta ba shi izinin aiki, ko kuma bizar aiki, wadda sai wani kamfani na cikin ƙasar ya ɗauke shi. Annobar korona ta shekarar 2020 ta rufe ofisoshi ta kuma kashe kasuwar yawon buɗe ido, sai wasu gwamnatoci suka ga dama ta samu. A shekarar ce tsibirin Barbados da ƙasar Estoniya da birnin Dubai suka buɗe ƙofa ga ma'aikatan nesa su zo su zauna har shekara guda. Fotugal ta biyo baya a 2022, Sifen a 2023. A nahiyar Afirka, Morishus da Kef Bade sun fara tun 2020, Namibiya a 2022, sannan Afirka ta Kudu da Kenya suka shigo a 2024.

Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi shi ne sharuɗɗan. Barbados ta nemi mai zuwa ya nuna yana samun Dala 50,000 a shekara, ya kuma biya Dala 2,000 kuɗin takarda. Estoniya ta fara da Yuro 3,504 a wata, daga baya ta ƙara. Fotugal ta ce sai ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasarta, wanda a 2022 ya kama Yuro 2,820 a wata. Namibiya, wadda take da sauƙi, ta nemi Dala 2,000 a wata domin zaman wata shida. Sannan kusan dukkansu sun haramta wa baƙon ya nemi aiki a cikin ƙasar. Ma'anar wannan a fili take: ƙasashen nan aljihun baƙon suke marhabin da shi. Suna so ya kama haya, ya ci a gidajen abincinsu, ya hau motocinsu da kuɗin da ya samo daga waje, ba tare da ya ƙwace gurbin ɗan ƙasa ba.

Labarin wannan biza ya iso Dutse ta wayoyin hannu, kuma kamar yadda aka saba, ya iso ne a gurguje, an yanke masa kai da ƙafa. Matashin da ya gama Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Kwalejin Ilimi ta Gumel, ya yi shekara biyu yana yawo da takardu, in ya ji an ce akwai bizar zama Turai ga mai kwamfuta, sai ya ɗauka wata sabuwar ƙofar neman aiki ce. Wannan kuskure ne, kuma kuskure mai tsada, domin a kan irinsa ne ake sayar da gonar gado a miƙa wa dillalan biza na bogi. Bizar ba ta ba kowa aiki, sai wanda ya riga ya sami aiki mai tsoka ake ba ta. A lissafa: a farashin canji na wajejen Naira 1,500 kowace Dala, kamar yadda aka gani a 2024 da 2025, sharaɗin Namibiya ya kama Naira miliyan 3 a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Nijeriya a 2024 kuwa Naira 70,000 ne. Wato ana neman abin da ya haura ninki 40. Bayan haka akwai wahalar da mai fasfon Nijeriya yake sha a ofisoshin jakadanci, har ma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Nijeriya biza daga 2022 zuwa 2024.

To, amma akwai wani lissafi da ya fi wannan muhimmanci, wanda masu ɗokin tafiya ba su cika yi ba. Me ya sa Bature mai aikin nesa yake barin Landan ko Balin ya koma Lisbon ko Kef Bade? Dalili shi ne yana so ya karɓi albashi da kuɗi mai ƙarfi, ya kashe shi a inda rayuwa take da araha. Duk ribar sana'ar a nan take. Matashin Dutse kuwa ya riga ya buɗe ido a garin araha. Alal misali, in ya sami aikin da ake biyansa Dala 500 a wata, a wancan farashin ya tashi da Naira 750,000, fiye da ninki 10 na ƙaramin albashi. Da wannan zai riƙe gida, ya sayi hatsi a kasuwar Shuwarin, ya yi wa iyayensa hidima, ya kuma ajiye wani abu. Wannan Dala 500 ɗin a babban birnin Turai da ƙyar za ta biya hayar ɗaki guda. Saboda haka abin da Bature yake neman biza domin ya samu, shi ɗan Jigawa yana da shi a ƙofar gidansu. Abin da ya rasa shi ne aikin da kuma kayan yin sa.

Nan ne maganar ta dawo gida. Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙira a 1991 da Dutse a matsayin babban birni, tana cikin jihohin da suka fara hango amfanin fasahar sadarwa. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, tsakanin 1999 da 2007, an kafa kamfanin Galaxy a Dutse domin samar da intanet, aka kuma buɗe makarantar koyon kwamfuta a Kazaure da haɗin gwiwar wani kamfanin Singafo. A lokacin mutane da yawa sun yi wa abin dariya, suna cewa jihar manoma ina ruwanta da tauraron ɗan'adam. Yau an ga cewa hangen daidai ne. Sai dai an ga wani abu kuma, wato na'ura ita kaɗai ba ta samar da ma'aikaci. Wanda zai yi wa kamfanin waje aiki daga Dutse yana bukatar wuta tsayayya, domin mai ba da aiki a Kanada ba ya karɓar uzurin ɗauke wuta. Wannan kam ana iya magance shi da faifan hasken rana, wanda Jigawa ba ta rasa ba ko kaɗan. Intanet ma ya sami sauƙi, musamman tun da Starlink ya fara aiki a Nijeriya a 2023, ko da yake tsadarsa ta fi ƙarfin mutum ɗaya sai dai a yi karo-karo. Abin da kuɗi ba sa saya cikin dare ɗaya shi ne iya karatu da fahimta, iya rubuta wasiƙa mai ma'ana, lissafi, cika alkawari a kan lokaci. Waɗannan a ajin firamare da ƙaramar sakandare ake dasa su, a hannun mai takardar NCE.

Malamin Hausa ma kada ya ɗauka zancen bai shafe shi ba. Fassara tsakanin Hausa da Ingilishi, rubuta abin da aka ɗauka a murya, da gyaran rubutu suna cikin ayyukan da ake bayarwa ta intanet, domin kafofin yaɗa labarai da ƙungiyoyin lafiya da kamfanonin fasaha duk suna neman isa ga masu jin Hausa. Yaron da aka koya masa ƙa'idojin rubutu sosai, ya san inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta, ya bambanta ƙ da k, yana riƙe da haja mai kasuwa. Wanda aka bari yana rubutu irin na saƙon waya ba zai wuce gwajin farko ba.

Wani zai ce, ai tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma Bahaushe bai taɓa zama mai tsoron hanya ba. Gaskiya ne. Fataken goro sun kafa zanguna a Salaga da Kumasi, alhazan ƙafa sun zauna a Sudan har suka hayayyafa. Babu mai hankalin da zai hana wanda ya cika sharuɗɗa ya je ya ga duniya. Hasali ma ɗan Nijeriya yana da tasa damar tun 1979, lokacin da yarjejeniyar ECOWAS ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar izinin shiga ƙasashen juna su zauna kwana 90 ba tare da biza ba. Mai aikin nesa daga Dutse yana iya zuwa Akara ko Dakar da kwamfutarsa ba tare da ya taka ofishin jakadanci ba. Amma fataken da ba su taɓa kama hanya hannu rabbana ba, sai da suka ɗaure kaya tukuna.

Saura tambayar ko ya dace Nijeriya ita ma ta buɗe irin wannan biza, Dutse ta nemi rabonta na baƙi. Garin yana da abin nunawa: zaman lafiya daidai gwargwado, filin jirgin sama da aka buɗe a 2014, duwatsu da gonakin dabino, ga zanen dutse na Birnin Kudu a kusa. Duk da haka a yi hattara. A Lisbon mazauna gari sun daɗe suna kukan tsadar haya, a birnin Meziko kuwa har zanga-zanga aka yi a 2025 kan baƙin da suka sa gidaje suka gagari 'yan gari. Dutse ƙaramin birni ne, ma'aikatan gwamnati da ɗaliban jami'a sun riga suna rububin gidajen da ke akwai. Baƙin da ya fi dacewa a fara zawarci su ne 'ya'yan Jigawa da ke aikin kwamfuta a Legas da Abuja, suna zuba rabin samunsu a haya. Su ba sa bukatar biza ko tafinta, kuma suna da dangin da za su koya wa sana'ar. Ɗaki guda mai wutar rana da intanet mai ƙarfi a kowace hedikwatar ƙaramar hukuma, daga Dutse zuwa Kiyawa da Jahun, ya isa a fara gwada ko za su dawo.