Dare Uku da 'Yar Akuyar Inna

A ƙarshen watan Disamba na je gida Mashi da niyyar kwana biyu, sai ga shi na yi tara. Abin da ya riƙe ni kuwa wata 'yar akuya ce wadda nauyinta bai kai na tiyar gero ba. Na san wasu masu karatu za su ce me ya kai filin nan turken awaki alhali ƙasa na fama da tsadar abinci da rashin tsaro. Ku yi mini haƙuri ku ji, domin a wannan turken na gano wani jahilci nawa, kuma ina zaton ba ni kaɗai ke da shi ba.

Inna tana da wata jar akuya irin ta Sakkwato da Maraɗi, wadda ta shekara biyar tana haihuwa a gidanmu. Da 'ya'yanta aka saya wa jikokinta biyu kayan makaranta, da su aka biya kuɗin asibiti lokacin da hawan jini ya kwantar da ita. Kwana uku kafin zuwana akuyar ta haifi tagwaye cikin dare, a tsakiyar sanyin hunturu. Mabiyiya ta ƙi faɗowa, jiki ya rikice, ranar da na iso da asuba kafin a nemo mai yanka ta zama mushe. Namijin cikin tagwayen ya bi ta da hantsi. Macen ta rage, yara suka ɗauke ta suna ɗura mata kunu da cokali, wani lokaci madarar gari da aka dama da ruwan randa. A kwana na biyu zawo ya kama ta. Da magariba na same ta kwance a gindin rumbu, wuya a lanƙwashe, ko kuka ba ta iya yi.

Na ce wa Inna ta sa wa ranta haƙuri, idan Allah ya kai mu Lahadi zan aika Mai'aduwa a sayo mata wata. Inna ba ta faɗin sunana, kasancewata ɗan fari, sai ta dubi gefe ta ce, “Kai ɗan nan, wadda za ka sayo ban san uwarta ba. Wannan kuwa na san uwarta da kakarta, tagwaye suke haifa, ba su taɓa yi mini ɓari ba.” Ta yi shiru kaɗan ta ƙara da cewa, “Kuma rai ne.” Ban sami abin cewa ba. Na fita zaure na kira wani abokina.

Abokin nan tare muka zauna a jami'a a Zariya, shi yana karatun likitan dabbobi. Mutumin yankin Kafanchan ne, Kirista, kuma a gidan kiwon alade ya tashi. Da na zayyana masa halin da ake ciki sai ya yi dariya ya ce tun kafin ya ga ƙofar jami'a ya koyi wannan darasi a ɗakin mahaifiyarsa, wadda kan kwana da ɗan aladen da uwa ta ƙi, a cikin kwali kusa da murhu. Ya ce, “Mutumina, jariri jariri ne, ko na wace dabba. Sa yatsanka a bakinta ka faɗa mini abin da ka ji.” Na sa, na ji sanyi kamar na taɓa bakin tulu. Ya ce to kada a sake a ba ta komai tukuna, sai ta ɗumama.

Wannan shi ne abu na farko da ban sani ba. Zafin jikin lafiyayyen ɗan akuya yana wajen digiri 39 ne, kuma jaririn da sanyi ya shige shi ba ya iya haɗiya yadda ya kamata, cikinsa ba ya narkar da abin da ya shiga. Idan aka ɗura masa madara a wannan hali, sau da yawa huhu take bi, a kashe shi da hannu ana ganin taimako ake yi. Muka samo kwalin taliya muka shimfiɗa tsohon zane, muka cika gorar roba biyu da ruwan ɗumi muka naɗe su da tsumma, muka sa ta a tsakani. Inna ta jawo kaskon garwashi kusa, ta bar ƙofa a ɗan buɗe saboda hayaƙi. Wajen awa ɗaya da rabi muna zaune, ba mai magana, sai muka ga kunne ya motsa. Na sake sa yatsa, ta ɗan tsotsa.

Abu na biyu shi ne kunun nan da yara ke ba ta da zuciya ɗaya. Babbar akuya na da ciki kashi huɗu, kuma tumbin da ke sarrafa ciyawa da dusa shi ne mafi girma. A jariri kuwa tumbin bai fara aiki ba, sai bayan makonni, idan ya fara tsintar ganye. Kafin nan madara ce abincinsa, kuma idan yana tsotso a tsaye da wuya a miƙe, wata 'yar hanya kan haɗe a cikinsa ta wuce da madarar kai tsaye zuwa kashi na huɗu. Gero da dawa ba su narkewa a irin wannan ciki, sai su yi tsami su ɓarke da zawo. Ko sukarin shayi bai karɓe shi ba. Shi ya sa abokina ya ce kada mu haɗa ruwan gishiri da sukari irin na gida, mu nemi na leda da ake ba yara masu gudawa, domin shi da gulukos ake yin sa. Ya ce zawo yawanci ta hanyar ƙarar da ruwan jiki yake kisa, in ja fatar wuyanta in saki, idan ta daɗe ba ta koma ba to ruwa ya yi ƙasa sosai. Na ja, fatar ta tsaya kamar an ɗinke.

Da sirinji marar allura muka riƙa ɗiga mata ruwan ta gefen baki, kaɗan-kaɗan, tana tsaye a tsakanin gwiwoyina, duk bayan awa biyu. Ni da 'yar ƙanena mai shekara 12 muka raba daren. Wajen ƙarfe uku ta tashe ni tana cewa, “Baba, ta yi fitsari!” da murna kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Tana da gaskiya, domin fitsarin nan alama ce ruwa ya fara komawa jiki. Washegari maƙwabciyarmu ta yarda a riƙa tatso mana kaɗan daga akuyarta mai shayarwa, muna cikawa da madarar shanu da wata Bafulatana ke kawowa, a tafasa a bari ta huce zuwa ɗumin jiki. Bulumbotin jarirai muka saya muka ɗan faɗaɗa hujin. Dare na biyu ya fi na farko wuya, don ta sake yin laushi har na fid da rai. A na uku ta miƙe da kanta ta yi kukan da ya tashi gidan duka.

Akwai wani abu da ba hannunmu ya yi ba, kuma abokina ya ce da babu shi da duk wahalarmu ta tashi a banza. 'Yar akuyar ta sha dakashin uwarta a ranar farko. Ɗan akuya da ɗan tunkiya da maraƙi ana haifar su ne ba su ɗauke da garkuwar uwa a jininsu, sai sun sha ta a cikin wannan kakkauran nono na farko, kuma hanjinsu na iya shigar da ita cikin jini ne a yini ɗaya na farko kawai, mafi kyau ma a sa'o'in farko. Bayan nan ƙofa ta rufe. Wanda ya rasa dakashi, ko da ya yi ƙiba a makon farko, ƙaramar cuta kan kwashe shi. Na tambayi Inna ko ta san haka. Ta ce ta san ɗan da bai kama nono da wuri ba ba ya yin ƙarko, amma ba ta san cewa idan uwa ta kasa ana iya tatsa a ba shi ba, ko a nemo na wata akuyar da ta haihu a ranar. Shekara fiye da 40 tana kiwo, ba wanda ya taɓa zama ya gaya mata.

A nan ne raina ya ɓaci, kuma da kaina na fara. Na yi karatu har na ƙoshi, ina iya yi muku sharhi a kan kasafin kuɗin tarayya, amma da ban da waya da aboki da na tsaya ina kallo dukiyar mahaifiyata ta mutu saboda rashin sanin abin da bai fi minti biyar a bayyana ba. Kuma dukiya ce ta gaske. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina ta wallafa bincikenta a 1972, ta lura cewa akasarin awaki da tumakin ƙauyen na mata ne. Wanda ya san gidajenmu ya san har yau haka abin yake. Akuya ita ce asusun matar karkara, ita ce kayan ɗakin 'yarta, ita ce abin da take sayarwa a watan Yuli idan rumbu ya yi ƙasa. Amma idan an tashi maganar kiwo a taro, shanu ake nufi, da burtali, da rikicin makiyaya da manoma, kuma maza ne a zaune. Ko da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024, yawancin muhawarar da na ji a kan shanu ta tsaya. Mai akuya huɗu a bayan ɗaki ba ta cikin lissafi.

Giɓin da aka bari kuwa akwai mai cike shi. A rana ta biyu na leƙa wata kasuwa neman bulumboti, na tsaya gaban wani mai tallar maganin dabbobi da ya baza kwalabe a rana a kan buhu. Ban gama bayani ba ya zaro sirinji ya ce allura ɗaya ta wadatar, wadda yake yi wa bijimi da rago da kaza. Bai tambayi kwanakinta ba, bai tambayi nauyinta ba. Ba na ƙin magani, kuma akwai zawon da dole sai da shi, amma wanda ya san aikin ne zai faɗi lokacin da adadin. Wannan mutumin shi ne likitan da yawancin matanmu ke iya kaiwa gare shi, ta hannun yaron da aka aika.

Hatsarin da ke gaban 'yar akuyarmu yanzu ya fi wanda ta tsallake. Duk mai kiwo ya san annobar nan da kan shigo garke, musamman bayan an kawo sabuwar dabba daga kasuwa: zazzaɓi, majina, kwantsa a ido, gyambo a baki, zawo mai wari, sai a wayi gari turke ya zama kango. Likitoci na kiranta PPR. A ƙasar Kwaddibuwa aka fara bayyana ta a 1942, kuma 'yar'uwar bushiya ce, wadda ta share shanun Fulani wajen 1890 ta kuma dawo mana a 1983. Bushiya dai an gama da ita, an sanar da kawar da ita daga duniya a 2011. A 2015 kuma aka taru a Abidjan aka ɗauki alkawarin kawar da ta awaki da tumaki kafin ƙarshen 2030. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, rigakafin da ƙasashe da dama ke amfani da shi an samo shi ne daga ƙwayar cutar da aka ɗauka a Nijeriya a 1975, har sunan ƙasarmu yake ɗauke da shi, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato na yin sa. Allura ɗaya na kare dabba aƙalla shekara uku.

To me ya hana ta isa bayan ɗakin Inna? Kwalba ɗaya ta dabbobi gommai ce, tana buƙatar sanyi tun daga inda aka yi ta, kuma da zarar an haɗa ta da ruwa sai a yi amfani da ita cikin 'yan sa'o'i. Ba wanda zai fasa kwalba saboda akuya huɗu. Sai an tara na unguwa guda a rana guda, kuma tarawar ba ta yiwuwa sai an shiga gidaje an yi magana da masu dabbobin. Mun san yadda ake yin haka, domin mun yi shi a rigakafin shan-inna: mata ma'aikata, mai unguwa, sanarwa a masallaci da rediyo. Ina ganin ƙananan hukumominmu na kan iyaka irin su Mashi da Mai'aduwa da Ɓaure da Zango, inda dabbobi ke shiga da fita tsakaninmu da Nijar kowane mako, su ya kamata su fara. Ma'aikaciyar da ta shiga gida don allura kuma, ba abin da zai rage ta idan ta tsaya minti biyar ta yi maganar dakashi, da ɗumi, da goga aidin a cibiya, da illar kunu. Makarantun Islamiyya na matan aure ma wuri ne da wannan bayani zai shiga kunne ɗari a zama ɗaya.

Kafin in baro gida na je wurin mai unguwarmu muka ƙirga gidajen da ke da awaki da tumaki a layinmu da na bayanmu, muka sami abin da zai cinye kwalba har a nemi ƙari. Wani malamin dabbobi da ya yi ritaya ya yarda zai nemo maganin ya zo da shi cikin ƙanƙara idan an haɗa kuɗin, kuma na bar nawa kason da na Inna. 'Yar akuyar ba za ta shiga wannan zagayen ba, don sai ta haura wata uku. Jiya 'yar ƙanena ta kira ni ta ce ta fara tsintar harawa, ta kuma cinye gefen littafinta na lissafi. Inna ta karɓi wayar ta ce har yanzu a ɗakinta take kwana, kuma in na tashi zuwa in taho da wani bulumbotin, wancan ta huda shi.