Ƙibar yara: cutar da ke shigowa ta ƙofar lakwal

A ƙasar da ma'aikatan likita suka saba zagaya damtsen yaro da ɗan ma'aunin nan mai launi uku domin gano tamowa, wanda duk ya tashi da maganar ƙibar yara sai a yi masa kallon ƙosasshe. Za a ce masa: yaran karkara ba su samu abin da ya ishe su ba, kai kuwa kana kukan waɗanda ci ya yi wa yawa? Mai wannan magana yana da gaskiya gwargwado, domin a Nijar yara fiye da 4 cikin 10 na ƙasa da shekara 5 tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, saboda ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan ciwo. Amma kuskure ne babba a ɗauka cewa talauci yana tsare ƙasa daga ƙiba. Ƙasashe da dama sun yi wannan zato, sai da suka farga suka tarar da cuta biyu cikin gida ɗaya.

Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta bayyana cewa a shekarar 1990, cikin yara da matasa masu shekara 5 zuwa 19, kashi 2 cikin 100 ne ke da ƙibar da ta zama cuta, kimanin miliyan 31 ke nan. A shekarar 2022 sun kai kashi 8 cikin 100, wato miliyan 160. Sa'an nan a watan Satumba na 2025 hukumar UNICEF ta ba da sanarwa cewa, karo na farko, masu ƙiba cikin waɗannan shekaru sun ɗara ramammu yawa a duniya, sun kai miliyan 188. Yankuna biyu kaɗai suka rage inda rama ke gaba: Afirka ta kudu da Sahara, da kudancin Asiya. Jinkiri ne aka samu, kuma ya kamata a yi amfani da shi tun bai ƙare ba.

Ƙibar da likitoci ke nufi ita ce kitse ya taru a jiki har ya wuce abin da tsayin yaro da shekarunsa ke ɗauka. Yaron da ya tashi da ita galibi da ita yake girma. Tana jawo ciwon sukari irin wanda dā sai ga manya ake ganinsa, da hawan jini, da kitsen hanta, da ciwon gwiwa, da shaƙewar numfashi cikin barci. Akwai kuma wahalar da ba a aunawa da sikeli, wato zunɗen abokai da laƙabin tsiya wanda ke hana yaro shiga wasa, har ya ƙara zama wuri guda, ƙibar ta ƙaru.

Abin da ya fi shafar ƙasashe matalauta shi ne dangantakar yunwa da ƙiba. Jaririn da bai samu isasshen abinci ba tun yana ciki har ya shekara biyu, jikinsa yakan shirya wa ƙunci: tsoka kaɗan, tsayi kaɗan, da saurin ɓoye duk abin da ya samu. In wannan yaro ya shigo birni, ya tarar da sukari da mai da araha, jikin da aka gina domin fari sai ya kasa da yalwar. Shi ya sa wanda tamowa ta taɓa yana ƙarami yake cikin haɗarin teɓa da ciwon sukari in ya girma. Shi ya sa kuma a kan ga gida ɗaya, uwa da ƙiba, ɗanta da tsumburewa, dukansu kuwa tukunya ɗaya suke ci: tuwo ko shinkafa mai yawa, mai, dunƙulen ɗanɗano, ganye kaɗan, nama sai ran salla.

Ƙasar Meksiko ta riga kowa ganin ƙarshen wannan hanya, labarinta kuwa ya cancanci a tsaya a kansa. Abincin talakan Meksiko tun kaka da kakanni masara ce da wake da kabewa da barkono, bai yi nisa da na manomin Gobir ko Damagaram ba. Daga shekarar 1994, da aka buɗe ciniki tsakaninta da Amurka da Kanada, abincin masana'anta ya malalo, kantuna suka yawaita, lemun kwalba ya kai har ƙauyukan da ruwan famfo mai tsabta bai kai ba. Iyaye ba su daina son ƴaƴansu ba, abin da ke kusa da hannu mai sauƙin kuɗi ne ya canza. Cikin shekara ashirin ƙasar ta shiga sahun gaba a duniya wajen shan lemu. A 2016 gwamnati ta ayyana ƙiba da ciwon sukari a matsayin annobar da ke bukatar matakin gaggawa. Yaran firamare fiye da 1 cikin 3 nauyinsu ya wuce ƙa'ida, ciwon sukari kuma yana cikin cututtuka uku da suka fi kashe mutane a can. Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, mai son ya ga somin wannan al'amari a nan gida, sai ya tsaya ƙofar lakwal a Yamai, ko Maraɗi, ko Tawa, lokacin da aka saki yara shan iska. Ga biskiti, ga alawa, ga taliyar leda, ga lemu kala-kala, ga ƙanƙara mai zaƙi. Gwangwanin lemu na santilita 33 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, kusan ƙwaya 6 ke nan na sukarin kwali. Ba uwar da za ta zuba wa ɗanta ƙwaya shida cikin kofi ɗaya tana gani, amma cikin gwangwani ba a ganinsu. Tun 2015 OMS ta ba da shawara kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, in an tsaya ƙasa da kashi 5 ya fi, wato wajen giram 25 ga babban mutum. Gwangwani ɗaya ya zarce haka. Illar sukarin sha kuwa ita ce ba ya ƙosarwa: yaro ya sha, ya koma gida ya ci tuwonsa cif kamar bai sa komi a baki ba. Kada kuma a ɗora laifin duka kan kayan waje. Zoɓon da ake ƙullawa a leda, da kunun da aka cika wa sukari, da fanken da ya sha mai, na gida ne, aikinsu kuwa ɗaya.

Akwai kuma abin da ke cikin zukata. Al'ummar da ta sha fari ta ga yara suna ramewa, dole ta so ɓulɓul ɗin yaro, ta ɗauke shi shaidar wadatar uba da iya renon uwa. Wannan abin fahimta ne. Abin da ba shi da uzuri shi ne magungunan sa ƙiba da ake sayarwa a tire da bakin kasuwa, waɗanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Wasu na buɗe ciki ne, wasu kuwa, irin su dekzametazon, kumbura fuska da ciki suke yi, su tada sukarin jini, su raunana ƙashi, su tauye tsayin yaro. Kumburi ne ake saye da kuɗi ana kiransa ƙiba.

Motsin jiki ma ya ragu a birane. Yaron da ya kamata ya taka zuwa lakwal yanzu kabu-kabu ke kai shi, filin langa da ƙwallo an yanka shi fuloti, maraice kuma na talabijin ne da wayar hannu. Ƙa'idar OMS ita ce awa ɗaya ta motsi mai sa gumi kowace rana ga mai shekara 5 zuwa 17. Ƙasar da ke taruwa kowace shekara domin kokowar takobi tun 1975 bai kamata ta rasa fagen yashi cikin kowace makaranta ba.

Ina magani? An saba da ɗora komi kan uwaye mata, a tara su a yi musu gargaɗi. Gargaɗi yana da amfani, amma uwa ɗaya ba ta iya ja da tallar da ke bin ɗanta daga rediyo zuwa waya, ga kuma kayan zaƙi sun fi mangwaro araha in ba lokacinsa ba. Ƙasashen da suka taɓuka wani abu da doka suka yi shi. Meksiko ta aza harajin peso 1 kan kowace lita ta lemu mai sukari daga Janairun 2014. Sayensa ya ragu da wajen kashi 6 cikin 100 a shekarar farko, kusan kashi 10 a ta biyu, raguwar kuma ta fi yawa a gidajen talakawa. A watan Maris na 2025 ta hana sayar da irin wannan abinci cikin makarantu. Ƙasar Shili kuwa, daga 2016, ta tilasta wa kamfanoni buga baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaban kowane ƙunshi da sukari, ko gishiri, ko kitse ya yi wa yawa, ta hana tallarsa ga ƴan ƙasa da shekara 14, ta hana sa abin wasa ciki domin jan yara. Sayen abin sha mai sukari ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ga ƙasar da yawancin masu saye ba su karanta ƙananan baƙaƙen Faransanci ko Ingilishi na bayan kwali, wannan tambari ya fi kowace dabara dacewa, domin ko wanda bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba yana gane baƙin tabo. A Afirka ma an soma: Afirka ta Kudu ta aza haraji a 2018, Najeriya ta sa naira 10 kan lita cikin dokar kuɗi ta 2021, Gana ta biyo baya a 2023.

Gaskiya ne ƙibar yara ba ta gushe ba a Meksiko da Shili, domin sun tashi a makare, bayan baki ya saba, kamfanoni kuma sun yi ƙarfin da za su ja da gwamnati. Wannan hujja ce ta yin sauri. Wasu kuma sukan ce haraji talaka yake cutarwa. To, talakan da ya kamu da ciwon sukari shi zai nemi kuɗin allurar insilin kowane wata har ƙarshen ransa, da wurin sanyaya ta a garin da wuta ba ta tsayawa. In an zuba kuɗin harajin cikin famfon ruwan sha na makarantu da abincin ƴan lakwal, talaka ne zai fara cin moriyarsa.

Matan da ke talla a ƙofar lakwal su ma abincinsu suke nema, korar su ba dabara ba ce. Magajin gari da daraktan makaranta da ƙungiyar iyayen yara suna iya zama da su a shirya abin da za a kasa: dafaffen wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, kwaɗon zogale, dafaffen ƙwai, aya, goriba, nono marar sukari. Brazil ta kafa doka a 2009 cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin da gwamnatin tarayya ke bayarwa domin abincin makarantu a kashe shi wajen ƙananan manoma. Yaro ya ci na kirki, manomin wake ya samu kasuwa.

Tushen duka kuwa yana cikin kwana dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu. Nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa ba jiƙo, sa'an nan a ci gaba da shayarwa tare da kunu mai haɗin wake ko gujiya har shekara biyu, yana tsare yaro daga tamowa, yana kuma rage masa haɗarin ƙiba a gaba. Domin kare wannan ne ƙasashen duniya suka amince tun 1981 da ƙa'idar da ke hana tallar madarar gwangwani ta jarirai ga jama'a. Katin awon yaro yana da layi na ƙasa da na sama. Ma'aikacin likita ya ƙware da faɗakar da uwa in nauyi ya faɗi ƙasa. Abin da ya rage shi ne a horar da shi ya yi magana in ya haura sama, a kuma kai sikeli da ma'aunin tsayi cikin makarantun birane sau ɗaya a shekara, domin hukuma ta san yawan yaran da abin ya riga ya kama.