Waɗanda Ke Riƙe da Amanar Kogin Kolumbiya

Duk wanda ke son sanin nauyin wata ƙungiya, da ko za ta iya tsare haƙƙin mutanen da aka kafa ta dominsu ranar da husuma ta taso, to, kada ya tsaya ga jawabin shugabanta ko ƙawar ofishinta. Ya nemi jerin ma'aikatanta ya duba wane ne wannan, daga ina ya fito, me ya karanta, wane aiki aka ɗora masa, kuma gaban wa yake kai bayani. Ina so in auna wannan magana a kan wata hukuma da ke birnin Portland na jihar Oregon, can arewa maso yammacin Amurka, wadda ƙabilu huɗu na 'yan asalin ƙasar, wato Yakama da Umatilla da Warm Springs da Nez Perce, suka haɗu suka kafa a 1977 domin kula da kifin Kogin Kolumbiya, wadda kuma aka fi sani da haruffan CRITFC.

Asalin al'amarin mu'ahada ce. A 1855 kakannin waɗannan ƙabilu suka sallama wa gwamnatin Amurka ƙasa mai faɗin gaske, amma da yake sun san inda rayuwarsu ta rataya, sai suka gindaya sharaɗi a rubuce cewa za su ci gaba da su a dukkan wuraren da suka saba yinsa tun kaka da kakanni. Kifin da ake magana a kansa shi ne salmon, halitta mai ban al'ajabi cikin halittun Ubangiji, wanda ake ƙyanƙyashe shi a ƙoramun duwatsu, ya gangara teku ya yi shekaru yana girma, sa'an nan ya juyo ya haura kogi, wani lokaci tafiyar ɗaruruwan mil, har ya iso ƙoramar da aka haife shi, ya zuba ƙwai ya mutu. Masana sun ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa kifi miliyan 10 zuwa 16 ke hawan wannan kogi kowace shekara. Daga baya aka shiga datse ruwan domin wutar lantarki da ban ruwa da jiragen dako: aka gama madatsar Bonneville a 1938, ta Grand Coulee ta biyo baya ba tare da an bar wa kifi mashiga ba, har ta yanke shi daga saman kogin ɗungurungum, kana a watan Maris na 1957 madatsar The Dalles ta nutsar da Celilo, babbar magangarar ruwa inda masunta suka yi dubban shekaru suna tsayawa bisa dakalin katako suna kamun kifi da homa mai dogon mariƙi. Da kifi ya ragu, hukumomin jihohi ba su tuhumi madatsun ba, sai suka juya kan masuntan ƙabilu, suna ƙwace musu taru da jiragen ruwa, suna gurfanar da su a matsayin masu karya doka, alhali kuwa alkawarin da ke hannunsu ya girmi jihohin kansu.

Shari'a ce ta sauya lissafin. A 1969 alƙali Robert Belloni, a ƙarar da David Sohappy da 'yan uwansa na Yakama suka shigar, ya hukunta cewa ƙabilun suna da haƙƙin samun rabo na adalci daga kifin, kuma jiha ba ta da ikon taƙaita musu su sai bisa larurar kare kifin daga ƙarewa. A 1974 alƙali George Boldt ya fayyace rabon, ya ce rabi ne na abin da ya halatta a kama, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da ginshiƙin hukuncinsa a 1979. Wannan rabin shi ne abin da kowa ya haddace. Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina a hukuncin Boldt wani sashe ne da ba a cika ambatonsa ba, inda ya jero sharuɗɗan da ƙabila za ta cika kafin a sakar mata ragamar tsara sunta da kanta: ta kasance tana da shugabanci tsayayye, da jami'anta horarru masu iya tilasta dokokin su, da ƙwararru a ilmin kifi, ko dai cikin ma'aikatanta ko waɗanda za ta iya samu a duk lokacin da ta buƙata. Wato alƙalin ya ɗaure haƙƙi da ma'aikata, kuma a ganina ya yi daidai, ko da an ce sharaɗin nauyi ne da ba a ɗora wa jihohi irinsa ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa mai da'awa shi ake nema wa bayyina. Wanda aka ce rabin kifi nasa ne, amma ba shi da mai ƙidaya masa kifin, sai dai ya karɓi adadin da abokin husumarsa ya faɗa masa, yana nan kamar magajin da ke riƙe da takardar gona bai san inda iyakarta ta tsaya ba.

Daga nan ne za a fahimci tsarin wannan hukuma. A samanta akwai wakilan kwamitocin kifi da namun daji na ƙabilun huɗu, da yawansu mutanen da suka tashi a bakin kogi da taru a hannu. Kowace ƙabila ƙuri'a ɗaya gare ta, ba a zartar da komai sai da ittifaƙin dukkansu, kujerar shugabanci kuma tana zagayawa a tsakaninsu. A ƙarƙashin waɗannan ne ma'aikata suke, kuma ba dukkansu ne 'ya'yan ƙabilun ba. Akwai baƙi da dama, masu manyan digirori daga jami'o'i, waɗanda aka ɗauka saboda gwanintarsu. Ba na ganin aibi a wannan ko kaɗan, domin ilmi ba shi da ƙabila, kuma al'ummar da ta ƙi gwani don ba ɗanta ba ne kanta ta cuta. Abin lura shi ne matsayin da aka ajiye gwanin: yana bincike, yana ba da shawara, yana faɗin gaskiyar abin da ya gani ko da ba ta yi daɗi ba, amma yanke hukunci na masu kogin ne. Mun sha ganin akasin haka a ƙungiyoyin da ake kafawa da sunan talakawa, inda ƙwararre ke zama a kan kujera, masu haƙƙi kuma a kira su taron bita a ba su kuɗin mota.

Mafi yawan aikin na masu ilmi ne, kuma aiki ne mai buƙatar haƙuri fiye da hazaƙa. A matakalar da aka gina wa kifi a madatsar Bonneville, ma'aikatan hukumar sukan tare wani kaso na kifin da ke hawa, su auna tsawonsa, su ciri ɓawon jikinsa wanda daga zanensa ake gane shekarunsa, su yanki ɗan guntun fiffikensa, sa'an nan su sake shi ya ci gaba da tafiya. Guntun nan ana kai shi ɗakin binciken ƙwayoyin gado da hukumar ke gudanarwa a Hagerman ta jihar Idaho, inda, da yake an riga an adana bayanan iyayen da aka tatsi ƙwansu a gidajen ƙyanƙyasa, ake iya danganta kifi ga uwarsa da ubansa, a san rafin da ya fito da shekarar da aka haife shi. Mai karatu na iya cewa wannan wane irin wahalar da kai ne a kan nasabar kifi. Amsar ita ce a cikin taru ɗaya ana iya samun kifin da jinsinsa ke da yalwa tare da wanda doka ta sa cikin masu fuskantar ƙarewa, kuma ranakun da za a buɗe wa masunci ruwa ko a rufe masa sun dogara ne ga sanin yawan kowanne. Akwai kuma masu nazarin ruwa, masu lissafin yawan da ya kamata a saki ta saman madatsa a lokacin da 'ya'yan kifi ke gangarawa teku don kada injinan lantarki su hallaka su, da masu bibiyar zafinsa, domin a bazarar 2015 ruwan ya yi ɗumi har salmon jinsin sockeye kimanin dubu 250 ya mutu kafin ya kai inda zai zuba ƙwai. Abin da waɗannan suka tattara shi lauyoyi da masu tsara manufofi ke ɗauka su shiga da shi kotu, ko teburin sulhu da jihohi da gwamnatin tarayya da Kanada.

Sai dai hukumar ba ta masu farar riga kaɗai ba ce. Tana da jami'an tsaro da ke da mazauni a Hood River, masu sintiri a tsawon mil 147 na kogi tsakanin madatsun Bonneville da McNary, suna duba taru, suna kama mai saɓa doka ko da ɗan'uwansu ne, suna kuma fita neman wanda jirginsa ya kife. Tana da masu gyaran famfo da makewayi da mashigar jiragen ruwa a wurare 31 da gwamnati ta keɓe wa masunta, wasunsu a madadin waɗanda ruwan madatsu ya cinye. Tana da masu koya wa masunci yadda zai zubar da jinin kifi ya sa shi cikin ƙanƙara nan take, don ya sayar da shi da daraja a bakin kogi. Ban ga dalilin fifita mai na'urar bincike a kan mai gyaran famfo ba, tunda haƙƙin su ba ya tabbata ga wanda ba shi da inda zai tura jirginsa cikin ruwa.

Game da tushen ma'aikatan, abin da ya fi burge ni shi ne yadda ilmi biyu suka fara haɗuwa a ƙirji ɗaya. A farko dattijo ne ke da sanin kogi, baƙo kuma ke da takardar shaida, aka yi ta fama da tafinta a tsakaninsu. Yanzu an samu zuriyar da ta zauna gaban kakanni a bikin kifin farko na shekara, ta kuma zauna a aji. Jaime Pinkham, ɗan Nez Perce mai ilmin gandun daji, ya shugabanci ma'aikatan hukumar daga 2017, kana a 2021 aka naɗa shi babban muƙami a sashen da ke sa ido kan injiniyoyin sojan Amurka, waɗanda su ne ke tafiyar da mafi yawan manyan madatsun nan. Wadda ta gaje shi, Aja DeCoteau, 'yar Yakama ce da ta yi karatu a Dartmouth da Yale, ta riƙe sashen kula da rafuka kafin ta zama mace ta farko a wannan kujera. Haɗuwar nan ta haifar da abin gani da ido. Shirin farfaɗo da kifi da ƙabilun suka fitar a 1995 ya tsaya kan cewa a mayar da kifi cikin rafukan da ya ɓace, a gyara rafukan, maimakon a tsare shi a tafkunan siminti kusa da bakin teku. Mutanen Umatilla sun dawo da salmon cikin koginsu bayan kimanin shekara 70 babu shi, Nez Perce kuma sun dawo da jinsin coho cikin Kogin Clearwater bayan an ayyana ƙarewarsa a yankin a 1986, a lokacin da hukumomi da yawa ke ganin ɓata lokaci ne.

Akwai wani abu guda da ke damuna, kuma ba zan ɓoye shi ba. Kaso mai tsoka na kuɗin da ake biyan waɗannan ayyuka yana fitowa ne daga hukumar Bonneville mai sayar da lantarkin madatsun, wato daga aljihun wanda ake ƙara. A 2008 Yakama da Umatilla da Warm Springs, tare da hukumar tasu, suka sa hannu a yarjejeniyar shekara 10 da ta kawo ɗaruruwan miliyoyin daloli na gyaran rafuka da gidajen ƙyanƙyasa, bisa sharaɗin su janye daga jayayya a kotu kan yadda ake tafiyar da madatsun. Nez Perce suka ƙi, suka ci gaba da shari'a. Ba na zargin waɗanda suka karɓa, domin kifi ba ya jiran hukuncin ɗaukaka ƙara, kuma kuɗin diyya ce ta ɓarnar da aka yi musu, ba sadaka ba. Amma ma'aikacin da albashinsa ke bin wannan hanya yana buƙatar taƙawa ta musamman kafin ya rubuta rahoton da zai ɓata wa mai biya rai, kuma samuwar ƙabila ɗaya da ta tsaya a waje rahama ce ga sauran ukun.

Mu ma a nan mun san abin da madatsa ke yi wa masunci. Tun da aka gina Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta sauya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da yawa suka nade taru suka yi ƙaura. Muna da sarakunan ruwa waɗanda suka san lokacin da kifi ke ƙwai da gurbin da ba a taɓawa, muna da cibiyar binciken kifi a New Bussa da makarantun da ke yaye ɗalibai kowace shekara, amma ɗalibin yana neman aiki a ma'aikata, sarkin ruwa kuma ana tunawa da shi ranar biki. Ba mu da mu'ahada irin ta 1855 da za mu kafa hujja da ita, wannan gaskiya ne. Duk da haka babu dokar da ta hana ƙungiyoyin masunta na kwarin Haɗeja su haɗa kuɗi su ɗauki ɗansu guda da ya karanta ilmin kifi, da lauya guda, su sa su ƙarƙashin majalisar sarakunan ruwa, a fara rubuta abin da ake kamawa a kowace mashaya da tsayin ruwa a kowane wata, domin ranar da za a zauna da hukumar kogi kan sakin ruwa daga Tiga su shigo da alƙaluman da su da kansu suka tara.