Zauren 'Yan Mata: In An Sallame Ki Daga Aiki

Yau hirata da ke ce, mai rubuta manhajar kwamfuta da aka sallama daga aiki, ga shi fannin da kika ƙware ba kowa ke nemansa ba. Haba ƙawata, share hawayenki! Dubi COBOL, yaren kwamfuta na tun 1959. A 2020, lokacin korona, gwamnan New Jersey ta Amurka da kansa ya fito cigiyar masu iya shi. Shawarata, daina watsa takardunki ko'ina. Nemi bankuna da ma'aikatun da har yau tsofaffin manhajojinsu ke buƙatar irin hannunki, kina koyon sabo a gefe. Ai da tsohuwar zuma ake magani.

Sai fitowa ta gaba. Taku har kullum.